Wace Kala Za A Shafa Wa Ɗakin Da Muke Cin Abinci?

    

Yau zancenmu a kan bangon ɗaki ne. Idan amfanin gona ya zo gida, aka sayar da gyaɗa ko wake, ko adashi ya zagayo kanki, ko biki ya matso, abu na farko da kan zo wa mace a rai shi ne gyaran ɗaki. Sai maigida ya leƙo ya ce, "Gobe zan shiga kasuwa, wace kala za a sayo?" Ke kuma da yake ba ke za ki je ba, sai ki ce, "Irin ta ɗakin wance." Ko ki ce, "Duk wadda ka ga ta yi kyau." Da wannan amsa guda an yanke hukuncin abin da za ki buɗe ido ki gani kullum na shekara uku ko huɗu.

A birni wasu gidaje kan ware ɗaki guda don cin abinci kawai. Mu a nan ba haka muke ba. Maigida ya ci nasa a zaure ko a turaka, ke da yara ku ci a ɗakinki ko a rumfa. Nan ake shimfiɗa tabarma, nan ake ajiye kwanon tuwo, nan yaro ke jingina da bango yana suɗe hannu. To wannan bango da ake cin abinci a gindinsa shi nake so mu duba. Kafin ki tambayi kanki wace kala ce ta fi kyau, akwai tambayoyi uku da suka riga ta: da me aka yi bangon, wane irin haske ke shiga ɗakin, su wa ke zama a jikinsa.

Mu fara da ta farko. Bangon ƙasa daban, bangon siminti daban. Ginin tubali yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Haka yake rayuwa. Idan aka shafe shi da fentin mai, wato mai ƙyallin nan da ake sirkawa da kananzir, an toshe masa hanyar fitar da danshin. Ruwa ya taru a bayan fentin, sai ki ga ya yi bororo, ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, ƙasar da ke ciki kuma ta yi laushi tana zuba. An kashe kuɗi an kuma raunana gini. Abin ya fi tsanani a bangon gabas, domin a ƙasarmu hadari daga gabas ya fi tasowa, shi ne bangon da ruwa ke duka.

Abin da ya dace da bangon ƙasa shi ne abin da iyayenmu suka sani: farar ƙasa, jar ƙasa, da makuba. Kada ki raina su don ba a gwangwani suke zuwa ba. Makubar nan da ake samu daga ɓawon ɗorawar da ke gonakinmu, da ita ake ƙarfafa daɓe da shafen bango, ta ba su launin nan mai duhu-duhu da ba ya nuna datti. Maginan Kano kuwa har wani haɗi gare su da ake kira laso, na katsin marina da gashin majema da dafara, wanda suke shafe gini da shi ruwa bai ratsa ba. Duk wadda Allah ya taɓa kai ta Gidan Makama a cikin birni ta ga irin adon da ake fitarwa da ƙasa zalla. Ba yau aka fara zaɓar wa bango launi ba a ƙasar Hausa.

Farar ƙasa tana da aibi guda, tana bin jikin tufafi. Maganinsa a jiƙa ƙaro ya narke a zuba a cikin kwaɓin, zai riƙe ta. Masu son farin ya fito tas sukan ɗiga ɗan bula kaɗan. Sai dai a kula, irin ta buhu da ake sayarwa a shagunan kayan gini, wadda aka ƙona daga dutse, tana cin hannu tana kuma yi wa ido illa. A sa leda a hannu wajen kwaɓi, a kore yara daga wurin. Kuma kada ki tsorata in kin ga ta yi dishi-dishi lokacin shafawa. Haka take, sai ta bushe farinta ke bayyana.

Idan kuwa ɗakinki na bulo ne da filasta, to fentin ruwa shi ne naki, wanda ake sirkawa da ruwa, ba shi da warin da ke hawa kai, yana bushewa cikin 'yan sa'o'i. Amma sabuwar filasta tana son haƙuri. A bar ta ta yi kamar mako huɗu ta bushe sosai. In aka yi gaggawa, gishirin siminti zai fito ya yi fari-fari a kan fentin, ya cinye kalar. Haka kuma duk inda bango ya tsage a cike shi tukuna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma fenti ba ya ɗinke tsaga, ɓoye ta kawai yake na ɗan lokaci.

Tambaya ta biyu, haske. Ki tsaya a tsakiyar ɗakinki da hantsi ki duba. Yawancin ɗakunanmu ƙofa ɗaya ce da 'yar taga guda, wasu ma tagar an toshe ta da tsumma saboda ƙura. Ga labule a ƙofa, ga gado, ga kabad. Ɗan hasken da ya samu shiga, bango ne ke karɓarsa ya rarraba. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Bango mai duhu kuwa, irin shuɗi mai turuwa ko ruwan hanta ko kore shar, shanye hasken yake. Shi ya sa za ki ga ɗakuna biyu girmansu ɗaya a gida ɗaya, ɗaya kamar fili, ɗaya kamar rijiya.

Wannan ba zancen ado ba ne kawai. Ke ce mai wuni a ɗakin. A nan kike tsintar shinkafa, a nan kike ɗinkin hula, a nan kike duba kan yarinya, a nan 'yan makaranta ke bitar karatu da daddare. Da fitilar caji guda, ɗaki mai hasken bango ya wadatu, mai duhu kuwa sai an ƙara ta biyu. Sannan ki tuna da baƙin da ba a gayyata ba. Sauro yana son duhu, a jikin bango da bayan kaya yake laɓewa da rana. A bango mai haske kina ganinsa. Kina ganin hanyar gara tun tana siririya, kina ganin kunama kafin yaro ya kai hannu, kina ganin ɗigon kuɗin cizo a kusa da gado. Bango mai duhu rufa musu asiri yake.

To ko fari fat za a shafa ke nan? Ba lalle ba. Fari fat yana da wuyar sha'ani a gidan da ake girki da itace. Hayaƙin murhu yana shigowa, ga turaren wuta, ga kaskon jin ɗumi da hunturu, ga ƙurar da ke sauka tun daga Nuwamba har Fabrairu. Kafin shekara ta zagayo farin ya koma wani abu daban. Abin da ya fi jimiri shi ne farin da aka ɗan karya: ruwan madara, ruwan ƙwai mai haske sosai, ruwan hoda marar ƙarfi, sararin samaniya, ko kore mai haske irin na sabon tohon ganye. Waɗannan suna ba da haske, suna kuma haƙuri da ƙura.

A cikinsu ma akwai zaɓi. Idan ƙofarki yamma take kallo, rana tana dukan ɗakin daga azahar zuwa la'asar, kalar da ta karkata ga ja ko ruwan goro za ta sa ido ya ji ɗakin ya ƙara zafi, musamman a Afrilu da Mayu da zafi kan haura digiri 40. Irin wannan ɗaki ya fi son sararin samaniya ko kore mai haske. Idan kuwa ɗakin a lungu yake, inuwar katanga ko ta darbejiya ta rufe shi, ruwan madara ko ruwan ƙwai zai sa ya yi fara'a. Amma kada a ruɗe ki, kalar cikin ɗaki ba ta rage zafin kwano. Ido kawai take sanyayawa. Mai rage zafi na gaskiya shi ne silin, da taga mai shigar iska, da farin shafe a bayan ɗaki ta waje inda rana ke duka.

Akwai kuma fitilar dare. Fitilun caji da na sola da suka cika gidajenmu yanzu haskensu fari ne mai ɗan shuɗi-shuɗi. A ƙarƙashinsu shuɗin bango yakan ƙara sanyi har ɗaki ya yi kamar asibiti, tuwo da miya ma su yi wani iri a ido. Ruwan madara kuwa yana tausasa wannan haske. Tunda abincin dare a ɗaki ake cinsa, wannan abin lura ne.

Kada mu manta da jere. Ɗakin Bahaushiya ba ya rasa kala: ga samiru da tangaran a kabad, ga zanin gado mai furanni, ga labule, ga ledar ƙasa mai zane. Idan bango ma ya zo da tasa hayaniyar, sai ido ya rasa inda zai sauka, kayan da iyayenki suka sha wahala suka saya su ɓace a ciki. Bango baya ne, jere ne gaba. Ki dubi kalar da ta fi yawa a kayanki, ki zaɓi mai haske da za ta zauna lafiya da ita.

Yanzu tambaya ta uku, wadda ita ce ta fi nauyi a zancenmu na yau. Su wa ke zama a jikin bangon? Amsa ita ce yara. Daga ƙasa zuwa kamar tsayin ƙugunki, wannan yanki nasu ne. Nan mai rarrafe ke dafawa ya miƙe. Nan ake shafa hannun miya. Nan ɗan yaye ke sa farce ya ɓanɓaro abin da ya samu ya kai baki. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, akwai masu juna biyu da kwaɗayin ƙasa ke sa su ƙwaƙuli bango.

Da yake wurin yana saurin datti, al'adar masu fenti ita ce su ja layi, su shafe ƙasan da fentin mai, mai kala mai ƙarfi, don a riƙa gogewa da tsumma. Dabarar raba bango biyu tana da kyau. Matsalar tana cikin gwangwanin. Wasu fentin mai ana haɗa su da dalma, don kalar ta fito rau, ya kuma yi saurin bushewa. An fi samunta a ruwan ɗorawa da ruwan goro da ja, da koren da aka haɗa da ruwan ɗorawa. Wato kalolin nan masu ɗaukar ido, kyan ɗan maciji.

Sunan dalma ba baƙo ba ne a kunnenmu. A shekarar 2010 a Jihar Zamfara, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubarta. Can ba fenti ba ne, duwatsun zinare ne da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi tsakar gida da abinci da hannun yara. Na kawo shi ne don ki san irin gubar da ake magana. Ta fenti ba ta kisa farat ɗaya irin haka. A hankali take aiki. Fenti ya tsufa, ya ɓare, ya zama ƙura, ƙurar ta sauka a tabarma da kwano, yaro ya haɗiya kaɗan-kaɗan. Ba ta da wari, ido ba ya ganinta. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa fahimtar karatu, tana kawo ƙarancin jini, tana kuma ratsawa daga uwa zuwa ɗan da ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jikin yaro da za a ce ba shi da illa, kuma ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa.

Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje tun 1978. A nan Nijeriya, wani bincike da ƙungiyar SRADev ta fitar tare da IPEN a 2017 ya gwada gwangwanayen fentin mai da aka sayo a kasuwa, ya tarar mafi yawansu sun haura ma'aunin da duniya ta amince da shi, wato kashi 90 cikin miliyan. Wannan binciken ya nuna wani abu kuma mai daɗin ji: akwai waɗanda ba su haura ba. Ma'ana ana iya yin fentin mai ba tare da dalma ba, kuma akwai masu yi. Fentin ruwa kuwa da wuya a samu wannan matsala a cikinsa.

To me za ki yi? Ki raba bangon biyu in kina so, sama mai haske, ƙasa mai ɗan duhu. Amma a bangon ƙasa, a yi ƙasan da jar ƙasa ko makuba. A bangon siminti, a nemi fentin ruwa irin mai santsi wanda ake iya gogewa, a yi ruwan ƙasa ko ruwan toka. Ya fi na gama-gari tsada, amma yankin ba shi da yawa. Idan ya zama dole sai fentin mai, kamar a ƙofa da tagar ƙarfe, to a sayi na kamfanin da aka sani, a rufe, mai tambarin hukumar SON, a kuma sa ɗan makaranta ya karanta jikin gwangwanin ko an rubuta babu dalma. Kalmar da zai nema ita ce lead, sunanta ke nan da Turanci. A guji na tsiyaye da ake aunawa a gorar ruwa, wanda ba a san asalinsa ba. Araha ba ta ado.

Idan ɗakinki tuni yana da tsohon fentin mai, kada hankalinki ya tashi. Muddin yana nan lafiyayye bai ɓare ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da za a kankare shi ce abin tsoro. Kada a goge shi a bushe ƙura ta tashi. A yayyafa ruwa kafin a kankare, a fitar da kwanuka da abinci da shimfiɗa, yara da mai ciki da mai shayarwa su koma wani ɗakin. In an gama a tattare ɓarɓashin a leda a kai nesa da rijiya da turken dabbobi, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba. Kuma gwangwani ko bokitin fenti, komai kyansa, kada a mayar da shi mazubin ruwan sha ko na kamu. Sannan wanke hannun yara kafin cin abinci ya zama ka'ida.

Saura yadda za ki aika, tunda ƙafarki ba za ta taka kasuwa ba. Kada ki aika da suna kawai. Abin da kike kira sararin samaniya, mai shago a Ɗambatta ko a Ƙofar Ruwa yana da iri biyar da yake kira haka. Kada kuma ki dogara da hoton waya, gilashin waya yana canza kala. Ki ba maigida abin da zai riƙe a hannu: ƙyallen atamfa, murfin roba, ko zaren saƙa mai kalar da kike so. Ki ce masa, "Maigida, irin wannan, amma in za a kuskure a kuskure ta wajen haske." Dalili shi ne kala a faffaɗan bango ta fi yadda take a ɗan ƙyalle ƙarfi.

Wata dabarar mai sauƙi ita ce a sayo farin fentin ruwa da 'yar kwalbar kala, a haɗa a gida a gabanki, ana ɗigawa kaɗan-kaɗan ana juyawa. A shafa kamar faɗin faifai biyu a bango, kusa da ƙofa da kuma can ƙurya. Ki bar shi ya bushe. Ki duba da safe, ki duba da la'asar, ki duba da fitila. Gani ya kori ji. In ya yi miki, a haɗa wanda zai isa ɗakin gaba ɗaya a lokaci guda, domin haɗi na biyu ba ya taɓa zama daidai da na farko. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, shafa biyu, yakan ci galan biyu zuwa uku na lita huɗu-huɗu, gwargwadon kaurin fentin da yadda bangon ke sha. Ki sa ido kada mai fenti ya cika masa ruwa don ya yaɗu. In an shafa yana bin hannu kamar alli bayan ya bushe, an yi masa yawan ruwa ko kuma tun asali ba mai kyau ba ne.

Lokacin aiki kuwa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, bango ya bushe, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi, ko kuma bayan ta lafa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fentin da aka yi ana jibi Salla ko ana gobe kai amarya, a kansa ake kwana da wari, a kansa ake jingina kaya su manne. A ba shi kwanaki ƙofa da taga a buɗe.

Kalma guda ga gidan da ake da abokiyar zama. Ba dole ɗakinki ya yi kala ɗaya da nata ba, ba kuma dole ya fi nata ƙyalli ba. Wataƙila nata gabas yake kallo naki yamma, nata siminti naki ƙasa, ita 'ya'yanta sun tasa ke kina da mai rarrafe. In maigida zai yi adalci ya sayo wa kowa, kowacce ta zaɓi abin da ya dace da ɗakinta. Idan ma kuka haɗa kai aka sayo babban bokitin fari mai lita 20, kowacce ta karya nata da kalar da take so, kuɗin ya fi sauƙi.

'Yan uwa, kafin maigida ya sake tambaya, ki shafa bangonki ki ji da me aka yi shi, ki dubi inda haske ke shigowa, ki kuma dubi yaran da ke zaune a gindinsa da kwano a gaba. Mai haske a sama, mai haƙuri da datti a ƙasa, fentin ruwa ko farar ƙasa a inda yara ke taɓawa. Wadda ta ji, don Allah ta gaya wa maƙwabciyarta da ba ta kusa da rediyo.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Ku huta lafiya.